Kafin Ka Ce "Na Sallama"

  

Yau zancen gida za mu yi. Ba ginin gida ba, ba kuma sayensa ba. Zancen sayar da gida.

Duk lokacin da ake nasiha kan cinikin gida, mai saye ake ja wa kunne. A ce ya bincika. A ce ya yi hattara da 'yan damfara. Mai sayarwa kuwa ba a cika tunawa da shi ba. Ana ganin ai shi ne mai karɓar kuɗi, me zai same shi? Alhali shi ma yana kuka. Wani ya sayar da arha bai sani ba. Wani ya sayar, bayan shekaru sammaci ya biyo shi. Wani kuma ya sayar, zumunci ya bi gidan ya tafi.

A ganina, yawancin wannan kuka tushensa ɗaya ne. Kunya. Mu nan Katsina muna jin nauyin a ce mun sayar da gida. Za a ce wane ya karye. Za a ce wane ya cinye gidan ubansa. Don gudun wannan magana, sai mutum ya kira dillali ɗaya bayan sallar isha'i. Ya ce masa a yi a gama, kada kowa ya ji. Daga nan ake fara asara.

To ga abin da nake so mu riƙe a wannan zama. Gida ba a sayar da shi a ɓoye. Ba a kuma sayar da shi a guje.

Bari mu fara da farashi.

Katsinar yau ba ita ce ta jiya ba. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1987, birnin ya zama hedikwata, gari yake ta fita daga ganuwa. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ta ja gine-gine zuwa wajen Batagarawa. Inda dattawa suka sani gonakin gero ne, yau rukunin gidaje ne. An yi gadojin ƙasa a Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya, hanyoyi sun sauya fuska. Ga 'yan uwanmu da rashin tsaro ya taso daga yankunan Batsari da Jibiya da Safana, kowa yana neman inda zai sa kansa a cikin birni. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina. Sannan daga 2023, bayan cire tallafin mai da sakin naira, kuɗin siminti da rodi da kwano ya yi tashin da kowa ya gani.

Me wannan ke nufi ga mai gida? Yana nufin farashin da ka ji shekara uku da suka wuce ya mutu. Wanda ya sayar da wannan tsohon lissafi, kyauta ya yi bai sani ba.

Akwai kuma kishiyar wannan. Wani sai ya ji an ce gidan maƙwabci ya yi kaza. Bai ga takarda ba, a majalisa ya ji. Sai ya ɗora nasa a sama da haka. Ya haɗa har da wahalar da ya sha wajen gini, da 'ya'yan da aka haifa a ciki. Mai saye ba zai biya kuɗin wannan ba. Shi fili yake gani, da gini, da hanya. A yi tayi, mai gida ya ce albarka. A sake tayi, ya ce albarka. Gida ya shekara a kasuwa. Daga nan sai surutu ya fara. Ko dai akwai rigima a kansa? Ko dai akwai mutanen ɓoye a ciki? Ƙarshe a sayar ƙasa da tayin farko.

Maganin duka biyun shi ne tambaya, kuma mai ɓoyo ba ya iya tambaya. Ka ji ta bakin mutum fiye da ɗaya. Ka nemi wanda ya saya ko ya sayar a unguwar kwanan nan. In gidan babba ne, akwai ƙwararrun masu kimanta kadara masu rajista, aikinsu ke nan. Abin da za ka ba su bai kai abin da za ka rasa ba. Sannan ka yi wa kanka tambaya ɗaya. Kuɗin nan da zan karɓa, me zai saya mini a yau? Mutane da yawa sai bayan sun sallama suke zuwa neman wani gidan. Sai su tarar kuɗin ko kango ba zai saya ba a inda suke so. Mai gida ya koma ɗan haya.

Yanzu mu juya ga dillali.

Ba zan zagi dillalai ba. Dillanci tsohuwar sana'a ce a garin nan, tun zamanin da ayarin fatake ke sauka daga Agadas. Akwai dillalai masu amana, kuma da wuya ciniki ya tafi babu su. Kuskuren na mai gida ne. Ba ya yanke maganar la'ada tun farko. Sai kuɗi ya zo a fara jayayya. Ko kuma ya ba mutum ɗaya, shi ya ba wani, wancan ya ba wani. Kowa ya ɗora nasa a kai. Kai ka ce naira miliyan 20. Mai saye ya biya miliyan 25. Biyar ɗin nan ta narke a hanya, kai ba ka gani ba, shi bai sani ba.

Yaya haka ke faruwa? Saboda mai gida da mai saye ba su taɓa zama wuri ɗaya ba. Mai gida yana jin kunya, ya ce kada a haɗa shi da kowa. To ka dage a haɗa ku. Ka ji adadin daga bakin mai biya. Shi ma ya ji naka daga bakinka. Kuma kada ka miƙa wa kowa takardun gida na asali don a je a nuna. Kwafi ya isa. Na asali suna hannunka sai ranar da aka gama.

Jama'a masu sauraro, yanzu mun zo inda na fi so mu daɗe. Gidan gado.

Ku shiga tsofaffin unguwanni, irin su Unguwar Alƙali, da Masanawa, da Gambarawa, da Rafin Daɗi. Za ku ga gidajen da kaka ya bari, uba ya zauna, jikoki suka taso, ba a taɓa raba su ba. Ana zaune lafiya, kowa ya san ɗakinsa. Sai ranar da farashi ya tashi. Sai babban wa, wanda takarda ke hannunsa, ya ga kamar gidan nasa ne. Shi ke gyaran rufi. Shi ke biyan kuɗin wuta. Shi mai unguwa ya sani. Sai ya sa gida a kasuwa, da niyyar in kuɗi ya zo ya ba kowa wani abu.

Yaya, riƙon takarda ba mallaka ba ne. Wannan gida akwai hakkin mutane a cikinsa. Akwai ƙanwarka da ke aure a Funtuwa. Akwai wadda ke Maraɗi. Akwai ƙaninka da ya tafi Legas neman kuɗi, an kwana biyu ba a ji ɗuriyarsa ba. Akwai matar marigayi da tumuninta. Akwai marayun ɗan uwanka da ya rasu bayan mahaifinku, rabon ubansu nasu ne. Kafin duk wannan ma, akwai bashin mamaci da wasiyyarsa, su ake fara fitarwa. Ba alheri za ka yi musu ba in ka ba su. Nasu ne tun asali. Kuma ba ka da ikon sayar da abin da ba naka ba sai da yardarsu.

Mata su aka fi cuta a nan. Ana cewa ai tana gidan miji, me za ta yi da gida? Ko a kira ta a waya bayan an gama, a ce ga abin da ya samu. Ta yi shiru don kunya da gudun ɓacin zumunci. Amma shirunta ba yafewa ba ne. Ita ta yi shiru, 'ya'yanta za su girma. Su ba za su yi shiru ba.

Ga wani hukunci da mutane da yawa ba su kula da shi ba, wato shufu'a. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu na shari'a ke bi, in mutane sun yi tarayya a gidan da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayya yana da ikon karɓe wannan kason. Zai biya daidai kuɗin da baren ya biya. Maƙwabci ba shi da wannan hakki a mazhabarmu, sai abokin tarayya. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan garin nan, ya yi bayaninsa. Wanda yake gari, ya sani, ya yi shiru har shekara ta wuce, hakkinsa ya faɗi. Wanda ba ya nan kuwa, hakkinsa yana nan ko da tafiyarsa ta yi tsawo. Ku duba fa. Ƙanin nan na Legas zai iya dawowa bayan shekaru ya tayar da cinikin. A lokacin kai ka cinye kuɗin. Mai saye kuma wuyanka zai riƙe.

Hanya a fili take. A tara magada duka, maza da mata. A je gaban alƙali ko malamin da ya san rabon gado, a fitar da kason kowa a rubuce. In akwai marayu ƙanana, kada a taɓa rabonsu sai da izinin kotu. Wanda yake son ya saye na sauran, a fara ba shi dama. In an yarda a sayar wa bare, kowa ya sa hannu da kansa. Wanda yake nesa ya wakilta wani a rubuce, da shaidu.

Ko gidan da ba na gado ba, ka duba cikin gidanka. Sau nawa uwargida ke zuba kuɗin adashinta a ginin ɗaki, ko ta sayar da ɗan kunnenta a yi rufi? Ba a rubuta ba, don ana zaman amana. Ranar sayarwa sai a manta. Bai kamata matar gida ta ji labarin cinikin gidanta a bakin masu zuwa dubawa ba.

Shi ya sa na ce, gida ba a sayar da shi a ɓoye.

Na san abin da wani zai ce. Malam, a wannan zamani na masu garkuwa da mutane, in tallata cewa na sayar da gida? Gaskiyarka. Ban ce ka yi shela a kasuwa ba. Ban ce 'yan majalisa su san nawa ka karɓa ba. Wannan ka rufe shi, ka rufe shi da kyau. Waɗanda nake cewa kada a ɓoye musu su ne masu hakki a gidan, da shaidu, da hukuma. Abin takaici, mu akasin haka muke yi. Dillalai goma sun sani. Yaran unguwa sun sani. Ƙanwarka ce kaɗai ba ta sani ba.

Mu matsa gaba, zuwa ga aibin gida.

Da rani kowane gida lafiyayye ne. Rufin da ke yoyo ba ya magana a watan Maris. Bangon da ke tsotson ruwa an shafe shi da fenti. Sai watan Agusta ya zo, gaskiya ta fito. Ruwan layi ya shigo tsakar gida. Shadda ta cika. Maƙwabci ya fito ya ce katangar nan tasa ce, kwatar nan ma an daɗe ana rigima a kanta.

Ɓoye aibi haramun ne, wannan kowa ya sani. Amma ko ta fuskar lissafi, wauta ce. A fiƙihunmu, in aibin gida babba ne kuma an ɓoye shi, mai saye yana da ikon mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. In matsakaici ne, a rage masa kuɗi gwargwadon aibin. To me ka ci? Gara ka faɗa tun farko, a rubuta cewa ya gani ya yarda. Haka bashin wutar KEDCO da ya taru a kan gidan. Haka in takardar tana jingine a banki. Haka in an taɓa zuwa an yi wa bangon alamar aikin hanya. Ɗan haya ma kada ka manta da shi. Wanda ya biya kuɗin shekara yana da hakkin zama da hakkin notis. Kada ka yi wa mai saye alkawarin makulli gobe, alhali akwai mutum da iyalinsa a ciki.

Sai maganar takardu. A nan ina roƙon ku ƙara kasa kunne.

Yadda muka saba, a zauna a zauren mai unguwa, a rubuta takardar ciniki, shaidu su sa hannu, a yi fatiha. Wannan abu ne mai kyau. Mai unguwa ya san iyaka, ya san tarihin gida, ya san magada. Kada a raina shi. Amma takardarsa ba ta sauya suna a rajistar gwamnati.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, a matsayin amana. Abin da kake da shi a birni izinin zama ne da amfani. Dokar ta ce ba za a mayar da wannan izini ga wani ba, ta ciniki ko ta jingina, sai da amincewar gwamna. Ba wasa ba ne. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar bankin Savannah da Ajilo. An jinginar da kadara a Legas ba tare da wannan amincewa ba. Da bankin ya tashi sayarwa don ya fanshe bashinsa, kotu ta ce jinginar ba ta inganta ba. Banki guda, da lauyoyinsa, ya faɗi a kan wannan gaɓa. Ina ga ni da kai?

Mai sayarwa zai ce, wannan ai matsalar mai saye ce. A'a. Muddin ba a sauya suna ba, a idon hukuma gidan naka ne. Kuɗin ƙasa na shekara-shekara da sunanka yake taruwa. In mai saye ya sayar wa wani, wancan ya sayar wa wani, rigima ta tashi, sunanka ne a fayil. Kai za a nema. In ba ka da rai, 'ya'yanka za a nema. Kuma rigimar filin da ke da satifiket ɗin gwamna Babbar Kotu ake kai ta, inda shari'a ke cin shekaru da kuɗin lauya.

Yanzu jihar tana da hukumar KATGIS, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa don tattara bayanan filaye a kwamfuta. Ka je tun kafin ka sa gida a kasuwa. Ka duba fayil ɗinka. Ka ga ko sunan da ke ciki naka ne, ko har yanzu na wanda ya sayar wa mahaifinka ne. Ka biya abin da ake bin ka. Gidan da takardunsa suka cika ya fi daraja, ya fi saurin tafiya. Sannan ka sa lauya ya rubuta yarjejeniya, lauyanka kai, ba na mai saye kaɗai ba. Gida ba rago ba ne da za ka ja zuwa kasuwar Charanci da safe, ka dawo da kuɗi a aljihu da la'asar.

Wannan ya kawo mu ga kuɗin kansa.

Da farko, kafin alƙalami. Mutum ya ba da wani abu don a riƙe masa gida, ba a sa rana ba. Wata uku, wata biyar, yana cewa ana nan ana haɗawa. Masu saye na gaske sun zo sun wuce. Kai kuma ka riga ka taɓa kuɗin. A sa wa'adi a rubuce. A kuma rubuta abin da zai faru in wa'adi ya cika. Ka sani, a mazhabar Malikiyya ba a yarda mai sayarwa ya cinye kafin alƙalami don ciniki ya fasa ba. Mayarwa ake yi. Don haka kada ka kashe shi sai ciniki ya tabbata.

Sai biya kashi-kashi. A farkon 2023 dala ɗaya ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati. Shekara guda bayan haka ta haura 1,500. Wanda ya yarda a biya shi cikin shekara biyu a wancan lokaci, ya karɓi adadinsa cif, amma darajar ta zube. In dole sai an yi haka, wa'adin ya zama gajere. Takardu da makulli su tsaya a hannunka har a cika. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Amma mu sai mu ce ai wane mutumin kirki ne, rubutu kamar rashin yarda ne. Mutumin kirki ma yana mutuwa. Magadansa ba su san alkawarin da kuka yi a zaure ba.

Ranar biya kuma, a bi ta banki. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Ban da doka ma, buhun kuɗi a ɗaka gayyatar ɓarayi ne. Kada kuma ka yarda da saƙon waya kawai, don akwai alat na bogi. Ka tabbatar daga bankinka cewa kuɗi ya zauna. Sannan ka sa hannu.

Bayan nan ma da sauran aiki, don kuɗin gida ba ya son zama. Biki ya taso. Mota ta yi kyau. Wani ya zo da harkar da ake ninka kuɗi a wata guda. Waɗanda irin wannan harka ta MMM ta cinye a 2016 suna nan da ransu, a tambaye su. In don ka sayi wani gida ka sayar, to ka nemo shi tun kafin ka sallama naka. Sauri ya haifi nawa.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya ja. Saura kalma ɗaya zuwa gare ku.

Iyayenmu dattawa, ku da kuka san tarihin gidajen nan, ku faɗa tun kuna da ƙarfi. Ku sa a rubuta wane ɗaki na wane ne, wa ya gina, wa ya ba da aro. Iyayenmu mata da 'yan uwa mata, in kun ji ƙishin-ƙishin ana cinikin gidan gado, ku tambaya. Tambayar hakki ba rashin kunya ba ce. Kai kuma ɗan uwa, da dillali ke jiranka gobe da safe, yana cewa mai saye zai tafi in ba a gama yau ba, ka ce masa a ba ka mako guda. Ka kira 'yan uwanka. Ka leƙa ofishin filaye. Ka zauna da mai sayen ido da ido. In ya tafi saboda mako guda, wani zai zo.

Wanda kuma larura ta sa shi sayarwa, ta asibiti ko ta bashi, kada ya sunkuyar da kai. Ba laifi ya yi ba. Allah Ya mayar masa da mafi alheri.